FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Kafin A Sayi Oba-Oba A Ojoo

Unguwar Ojoo ita ce ƙofar Badun ta wajen arewa. A nan babban titin da ya taso daga Ikko ya tuƙe, daga nan kuma hanyar Oyo da Ogbomosho da Ilori ta ɗauka, saboda haka motar da ta ɗauko albasa ko tumatir ko dabbobi daga Arewa da wuya ta shiga gari ba ta bi ta wannan yanki ba. Hausawa kuwa sun daɗe a Badun. Tun cikin 1916 aka keɓe musu Sabo a gefen Mokola, inda suka kafa fataucin goro da shanu, da wuri ya yi musu kaɗan sai zama ya bazu zuwa Ojoo da Shasha da Akinyele.

A 'yan shekarun nan wani ɗan ƙaramin akwati mai eriya ya yawaita a hannun jama'a, watau rediyon nan da ake kira oba-oba. A da sai a ɗamarar ɗan sanda ko soja ake ganinsa. Yau kuwa mai gadi yana da shi, ɗan sintiri yana da shi, masu shirya babban taro su ma suna ratayawa, ga kuma samari waɗanda ba wani aiki ya sa su saya ba, sha'awa ce kurum ta sanin yadda murya ke tafiya cikin iska ba waya, ba kati, ba kuɗin kira. Filin wannan mako domin waɗannan samari ne, ko da yake sauran ma ba su rasa abin ɗauka a ciki ba.

Sunan ya samo asali ne daga yadda ake magana da shi. Mutum biyu ba su iya magana gaba ɗaya, sai ɗaya ya danna maɓalli ya faɗi abin da zai faɗa, ya rufe da kalmar Turanci da kunnen Bahaushe ya ji kamar "oba", ya saki maɓallin, sa'an nan ɗayan ya amsa. Wani mutumin Kanada mai suna Donald Hings yana cikin waɗanda suka fara ƙera irinsa a 1937, amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yaɗa shi, lokacin da kamfanin Galvin na birnin Shikago, wanda daga baya ya zama Motorola, ya yi wa sojan Amurka wani na goyo a baya mai nauyin kilo 16, ga shi kuma bai wuce kamar mil 3 yake kaiwa ba. Na yanzu bai kai rabin kilo ba.

Abin da ya kawo shi hannun talaka shi ne araha. Wajen 2012 wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Baofeng, a lardin Fujiyan, ya fito da samfurin UV-5R, ya riƙa sayar da shi dalar Amurka 30 ko ƙasa da haka, alhali kuwa na kamfanonin Japan irin su Yaesu da Icom da Kenwood sun ninka wannan kuɗi sau huɗu ko biyar. Nan da nan ya cika duniya. To, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wanda zai sayi rariya gara ya san tun a kasuwa cewa za ta zubar da ruwa.

Farkon abin da ke ruɗin mai saye shi ne rubutun da ke jikin kwali. Za a ga an rubuta kilomita 10, wani 20, wani ma har 50, mai kanti kuma ya ƙara da rantsuwa. Gaskiyar magana, muryar oba-oba tafiyar haske take yi, miƙe sak, ba ta lanƙwasa ta bi bayan tudu kamar ta gajeren zango da ake kama Landan da shi. Abin da eriya ɗaya ke iya "hange" na ɗayar, nan ne iyakarta. Da yake ƙasa a dunƙule take, akwai lissafi mai sauƙi da masana ke yi: a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsawon wurin da eriya take a mita, a ninka ta sau 4, abin da ya fito shi ne kilomitan da muryar za ta kai kafin doron ƙasa ya tare ta. Mutum a tsaye, rediyo a bakinsa, kamar mita 1 da rabi ke nan daga ƙasa, lissafinsa kilomita 5. In ya hau rufin bene mai tsawon mita 16 ya sami kilomita 16. Da zai sami hawa saman Gidan Koko da ke Dugbe, wanda aka gama a 1965 mai tsawon mita 105, da ya wuce kilomita 40, da rediyon nan dai guda, ba a ƙara masa kome ba.

Wannan lissafi kuwa na fili ne fetal, irin na daji tsakanin Gusau da Sakkwato. Badun ba haka take ba. Gari ne na tuddai da kwaruruka, ga rufin kwano ko'ina, ga bene, ga manyan motoci jere a bakin titi, kowanne yana cin rabonsa daga muryar. Saboda haka mutum biyu da ke tsaye a ƙasa cikin unguwa, in sun sami kilomita 1 zuwa 3 su gode Allah. Daga Ojoo zuwa Sabon Mokola bai kasa kilomita 8 ba, ga tuddai a tsakani, wanda duk ya sayi oba-oba biyu domin ya riƙa gaisawa da ɗan'uwansa a can daga cikin ɗaki, ya yi asarar kuɗinsa. Amma in su biyun suka nemi wuri mai tsawo, ɗaya a saman bene, ɗaya a kan tudu, ba mamaki su ji juna sarai.

Haka nan batun ƙarfi, wanda ake aunawa da wat. UV-5R na asali wat 4 zuwa 5 yake fitarwa. Akwai masu rubutun wat 8, da 10, da waɗansu lambobi da ɗan batirin da ke ciki ba zai taɓa iya bayarwa ba. Ko da rubutun gaskiya ne, amfaninsa kaɗan ne, domin kafin nisa ya ninka sau 2 sai an ninka ƙarfi sau 4, wannan ma a sarari inda babu abin da ya tare. Daga wat 5 zuwa 8 kunne da ƙyar yake jin bambanci, sai dai batir ya ƙare da wuri, rediyo ya yi zafi a hannu. Hawa mataki 20 na bene ya fi ƙarin wat 3 amfani nesa ba kusa ba, ga shi kuma kyauta ne.

Sai zaɓen zango. Kamar yadda kowane gidan rediyon FM ke da lambarsa, haka oba-oba ke aiki a kan lambobi da ake ƙirgawa da megahaz. Kashi biyu ne suka shafi mai saye. Na farko ana ce masa VHF, a UV-5R ya kama daga 136 zuwa 174, shi ya fi kyau a fili da gona da daji. Na biyu UHF, daga 400 zuwa sama, shi ya fi iya kutsawa ta taga da ƙofa da tsakanin gine-gine, don haka a cikin kasuwa ko tasha ko gida mai hawa ya fi ɗan'uwansa. Wanda zai yi abin domin koyo, gara ya sayi mai zango biyu, mai allo da maɓallan lamba, wanda zai iya sa lambar da yake so ya kuma ga inda yake. Akwai wani ƙarami, BF-888S, wanda masu gadi suka fi riƙewa: ba shi da allo, tashoshi 16 ne kurum a murɗa, UHF kaɗai, ƙarfinsa bai cika wuce wat 2 ba. Yana da sauƙin aiki, amma mai shi bai san a kan wace lamba yake magana ba sai an haɗa shi da kwamfuta an duba, wannan kuwa, kamar yadda za a gani nan gaba, ba ƙaramin aibi ba ne. Daga baya wani kamfanin, Quansheng, ya fito da UV-K5, wanda ya sami karɓuwa ga masu son bincike. Mai hali kuwa, in ya sayi Yaesu FT-65 ko makamancinsa, ya yi sayen nagari, domin kunnen na Japan ya fi tacewa. Masu arahar nan in aka kai su kusa da dogon ƙarfen gidan rediyo ko na kamfanin waya sukan kurmance, babbar murya ta danne ƙaramar da ake nema.

A kanti kada a karɓi kwali a rufe. A sa mai kanti ya kunna guda biyu, yaro ya tafi da ɗaya bayan layi, a ji yadda murya ke fita, a murɗa maɓallin sauti a ji ko yana ƙara, a kwance eriya a duba haƙoranta, a ɗora rediyon a kan mazaunin cajinsa a ga fitila ta kama. Jabu ya yi yawa, har na Baofeng ɗin kansa ana kwaikwayo, balle Motorola da Kenwood waɗanda za a ga an manna sunansu a jikin abin da kuɗinsa bai kai na eriyarsu ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin rediyon, a adana shi.

Eriyar roba da ke zuwa cikin kwali ita ce mafi rauni a duk kayan. Tsawon da ya dace da zangon 145 kamar santimita 50 ne, na 435 kuwa kamar 17, don haka 'yar gajeriyar nan dabara ce kurum aka yi domin ta shiga aljihu. Musanya ta da mai tsawo ita ce gyara mafi araha da mutum zai yi. Wanda ya iya riƙe kwano da dalma yana iya ƙera tasa da wayar tagulla, ya ɗaure a gora ya kafa a saman rufi, ya jawo waya zuwa ɗaki, sai dai ya sauke ta ko ya cire wayar in hadari ya taso, gama Badun gari ne na tsawa. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: danna maɓallin magana babu eriya a jiki, domin ƙarfin da bai sami hanyar fita ba komawa yake ya ƙone cikin rediyon. A wajen magana kuma a riƙe shi tsaye, eriya na kallon sama, a bar ɗan tazara tsakaninsa da baki, a danna a jira daƙiƙa guda kafin a fara, in ba haka ba kalmar farko ta ɓace.

Batirin UV-5R bol 7.4 ne, in yawancin aikinsa saurare ne yakan wuni. Magana ce ke cinye shi. Inda abokin magana ke kusa a mayar da shi ƙaramin ƙarfi, wat 1 ya isa. Zafin rana a gaban mota yana kashe irin wannan batir, wanda ya kumbura kuma a rabu da shi. Waɗansu sababbin samfura ana yi musu caji da igiyar wayar hannu, wannan kuwa ba abin rainawa ba ne inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Yanzu sai babbar magana, wadda mai kanti ba zai faɗa ba. Iskar da murya ke bi ba ta kowa da kowa ba ce. Tun 1961 Nijeriya ke da Dokar Wayar Iska, wadda ta hana kafa ko aiki da na'urar aika magana ba tare da lasin ba, Dokar Sadarwa ta 2003 kuma ta ƙara ƙarfafa wannan. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ita ke ba masu kasuwanci zango ta kuma tantance na'urorin da za a shigo da su, waɗanda ba na kasuwanci ba kuwa sha'aninsu yana hannun Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya. Ganin abu a kasuwa ba shi ne izinin aiki da shi ba. Rediyon nan mai araha a buɗe yake zuwa, yana iya magana a kan lambobin da aka keɓe wa jami'an tsaro da kamfanoni da jiragen ruwa, har da 156.800, wadda duniya ta ware domin jirgin da ya shiga hatsari. Lambobin da masana'anta ta zuba a ciki na gwaji ne, ba a duba dokar Nijeriya aka sa su ba, saboda haka mai BF-888S da ya fito da shi daga kwali ya hau surutu, wataƙila a gonar wani yake noma bai sani ba. Ba a nan kaɗai abin ya dami hukuma ba. A 2018 hukumar sadarwa ta Amurka ta yi gargaɗi a kan shigo da irin waɗannan rediyoyi, a 2021 kuma Jamus ta hana sayar da UV-5R domin yana ɗigar da ƙara zuwa zangon da ba nasa ba.

A Nijeriyar yau kuwa abin ya wuce batun tara. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana, kuma a sanarwar da sojoji ke bayarwa ta kayan da suka ƙwato a daji an sha jin sunan Baofeng tare da bindigogi da babura. Idon jami'in tsaro ya riga ya haɗa wannan akwati da wancan aiki. A Jihar Oyo ga 'yan sanda, ga rundunar Amotekun da aka ƙaddamar a Badun cikin Janairu na 2020. Saurayi Bahaushe da aka tare da dare a hanyar Moniya, oba-oba a aljihu, ba rasit, ba takarda, ba wanda ya san da zamansa, zai sha tambayoyin da sha'awa kurum ba za ta amsa masa ba. Ba daidai ba ne a zargi mutum saboda harshensa ko rigarsa, amma wannan gardama ce da aka fi jin daɗin yinta da takarda a hannu. 'Yan sintirin unguwa da shugabannin tasha da ke son aiki da shi su bi ta hannun Sarkin Hausawa, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, a nemi zango ta hanyar hukuma, a rubuta sunan duk wanda aka damƙa wa guda.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne zaton akwai asiri a ciki. Babu. Akwai wata dabara da ake kira CTCSS, wadda masu kanti ke cewa lambar sirri ce, alhali aikinta kawai ta toshe kunnen rediyon mutum daga jin waɗansu, ba ta hana waɗansu jin sa ba. Duk mai oba-oba a yankin da ya murɗo lambar yana ji. Kada a faɗi yawan kuɗin da aka tara, ko lokacin da motar kaya za ta tashi, ko gidan da maigida ya yi tafiya. Fiye da haka, kada a faɗi abin da ido bai gani ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da Fabrairu na 2021 ba, lokacin da faɗan mutum biyu a kasuwar Shasha ya zama rikici tsakanin Hausawa da Yarbawa, aka yi asarar rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje, maƙwabtan shekara da shekaru suka kwana suna tsoron juna. A irin wannan rana kalma ɗaya ta "an ce" da aka jefa cikin iska, mutum 30 suka ji ta gaba ɗaya, ta fi fetur saurin kamawa, magana kuwa zarar bunu ce. Na'urar da za ta iya kiran taimako cikin daƙiƙa, ita ce kuma za ta iya tara gayya a kan ƙarya cikin daƙiƙar nan.

Ga mai sha'awa ta gaskiya akwai ƙofa a buɗe, halattacciya. Duniya ta keɓe wa 'yan sha'awar rediyo zangonsu, a Afirka da Turai daga 144 zuwa 146, da kuma 430 zuwa 440. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a Faris ranar 18 ga Afrilu 1925, a Nijeriya kuma akwai tasu da ake kira NARS a taƙaice, wadda ita ce ta fi dacewa mai farawa ya nema domin a nuna masa hanyar lasin. Wanda ya samu ana ba shi lambar kira tasa shi kaɗai a duniya. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ɗan wannan sha'awa ne, lambarsa JY1, haka nan Rajib Gandi na Indiya. Sharuɗɗan ba su da wuya: ba a ciniki a wannan zango, ba a sa kiɗa, ba a magana da zaurance domin ɓoye ma'ana, mutum kuma yana faɗin lambarsa in ya fara da in zai rufe. Ladabinsa irin na zaure ne, a saurara tukuna a tabbata ba a katse wani ba, a yi sallama, a taƙaita, a bar wa wani wuri. Su ne kuma ke kafa tashar maimaitawa a kan tudu ko dogon bene, wadda ke karɓar muryar ƙaramin rediyo ta sake watsa ta da ƙarfi, da irinta Ojoo da Sabo da Bodija za su ji juna ba wahala.

Kafin lasin ya zo, mai koyo ya sa a haɗa masa rediyon da kwamfuta, da manhajar nan ta kyauta mai suna CHIRP, a share lambobin masana'anta, a kulle maɓallin magana a kan tashoshin da aka zuba, ya zama na saurare zalla. A cikin abin da zai iya nema har da tashar 'yan sama jannati ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya cikin kamar minti 90 a nisan kilomita 400 daga ƙasa, tana kuma ɗauke da rediyon 'yan sha'awa. A waɗansu lokatai takan watsa murya ko hoto a kan 145.800. Tsakaninta da rufin bene a Ojoo babu tudu babu kwano, saboda haka ɗan akwatin da ya kasa kai Mokola yana iya kamo ta. Ba ta wuce minti 10 a sararin gari kafin ta faɗa bayan ƙasa, don haka sai an duba lokacin wucewarta a intanet, a hau sama da wuri, a ɗan karkata eriya ana juya ta a hankali har ƙarar ta washe.